Tarar fakin a Landan da shagunan da kake ginawa a Gusau

Wani ƙanenmu ɗan Gusau da ke aikin kula da tsofaffi gida-gida a Landan ya rubuto mini. Ga taƙaicen maganarsa:

"Yaya, na baro Manchesta na dawo Landan da aiki. A can kowa a layinmu kan hau da tayoyi biyu kan dakalin masu tafiya a ƙasa saboda ƙuncin titi, ba wanda ya taɓa ce mana uffan. Ina zuwa nan aka liƙa mini takardar tara har uku a gilashin mota. Biyu sun daɗe a aljihun mota, ɗaya ta makon jiya ce. Wani abokina ya ce in share, ba sa bin mutum. Ni tsorona takardun zama da zan nema nan gaba. Kuma wallahi ina ganin zalunci ne da neman kuɗi, don a gida ba a yi mana haka. Kuɗin nan na ginin shaguna ne da nake turawa Gusau."

Ƙanena, Allah ya ba da sa'ar abin da aka fita nema. Kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, je ka ɗauko takardun nan uku ka dubi ranar da ke jikin kowace, domin lissafinka duka a kan kwanaki yake.

Abokinka ya haɗa abu biyu ne ya cakuɗa. Akwai takardar da kamfanonin masu filin ajiye mota ke bayarwa, irin na manyan kantuna, akwai kuma ta ƙaramar hukuma. Duk biyun ana taƙaita sunansu da PCN, shi ya sa mutanenmu ke ruɗewa. Ta kamfani kuɗin saɓa sharaɗi ne, sai sun kai ka kotu kafin su tilasta maka, ko da yake ita ma ba abar sharewa ba ce. Taka kuwa, tunda a kan titin gwamnati aka ba ka, ta hukuma ce, kuma tana da matakan da take hawa da kanta ko ka motsa ko ba ka motsa ba.

Abin da ya sa Manchesta ta bar ka Landan ta kama ka shi ne doka ba ɗaya ba ce. Tun 1974 aka hana ajiye mota a kan hanyar masu ƙafa a Landan baki ɗaya. Ba sai an kafa allo ba, ba sai an ja layin rawaya ba, dare da rana, ranar aiki da ranar hutu. Taya ɗaya ma ta hau, laifi ya tabbata. Inda kawai aka yarda shi ne titin da ka ga shuɗin allo mai hoton mota ta ɗora taya kan dakali, galibi da farin zane a ƙasa da ke nuna iyakar inda za ka tsaya. Doka ta 244 a ƙa'idojin tuƙin Birtaniya ta bambanta wuraren biyu: a Landan hani ne kai tsaye, a sauran garuruwan Ingila cewa aka yi bai kamata ba. Shi ya sa aka daɗe ana kawar da kai a garuruwan Ingila da dama, sai in mota ta toshe hanya ɗan sanda ya shiga. A 2020 gwamnati ta nemi ra'ayin jama'a kan yadda za a gyara wannan. Sukotlan kuwa ta riga ta yanke: ta yi dokarta a 2019, babban birninta Edinbara ta fara cin tara a Janairun 2024, fam 100, ko 50 ga wanda ya biya cikin kwana 14. Na faɗi wannan ne don masu karatu da ke can su ma su ji.

Yanzu ga lissafinka. Tun Afrilun 2025 irin wannan tara a Landan fam 160 ce ko 140, gwargwadon unguwa. In ka biya cikin kwana 14 za a yafe maka rabi. Don haka ta makon jiyan nan, in dai ka san tayarka na kan dakali kuma babu shuɗin allon, biya ta yau, fam 80 ko 70, ka huta. In kuwa kana da hujja ta gaske, misali motar ta lalace ne a wurin, ko kana cikin zanen da aka yarda, ka rubuta ƙorafi cikin kwanakin 14 ɗin. Yawanci in sun ƙi karɓa sukan sake ba ka damar biyan rabin. Lambar da ke jikin takardar za ta buɗe maka hotunan da jami'in ya ɗauka a shafin ƙaramar hukumar, ka duba da idonka kafin ka ɓata lokaci. "Kowa ma haka yake yi" ba hujja ba ce a wurinsu, "minti biyar kawai na yi" ma haka. Cewa kana wurin mara lafiya na iya sa su tausaya in ka haɗa da wasiƙa daga wurin aikinka, amma alfarma ce, ba tilas ba.

Tsofaffin biyun su ne abin dubawa. Bayan kwana 28 ba a biya ba, hukuma kan karɓi adireshin mai mota daga DVLA, hukumar rajistar motoci da lasin, ta aika masa sanarwa ta gidan waya. Daga nan yana da wasu kwana 28 ya biya cikakke ko ya rubuta ƙorafi a hukumance. In an ƙi ƙorafin, yana iya ɗaukaka ƙara kyauta zuwa London Tribunals, inda mai yanke hukunci ba ma'aikacin ƙaramar hukumar ba ne. In ya yi shiru, sai a ƙara rabi a kai, 160 ta koma 240. In ya sake yin shiru, a yi wa bashin rajista a wata cibiyar kotu da ke Northampton, daga nan a miƙa wa masu karɓar bashi, su kuma su ɗora nasu kuɗin, su iya sa wa motar mari ko su ɗauke ta. Kai da mota ce ƙafarka zuwa gidajen aiki, ka ga abin da hakan ke nufi.

Ga tambayar da nake so ka amsa wa kanka: da ka tashi daga Manchesta, ka canza adireshi a takardar mallakar mota, wato V5C? Da yawanmu kan canza na lasin tuƙi su manta da wannan, alhali daban-daban ake yi. In ba ka canza ba, wasiƙun can suke ta zuwa tsohon gidanka, lokaci na tafiya ba ka sani ba, sannan rashin canzawar kansa laifi ne da tararsa ke iya kaiwa fam 1,000. Gyara shi a intanet, kyauta ne. Sai ka kira ƙaramar hukumar ka tambayi matakin da kowace takarda ta kai. In har ta kai ga rajistar bashi ba tare da sanarwar ta iso hannunka ba, akwai fom mai suna TE9 da ake cikawa a bayyana haka. Ofishin ba jama'a shawara na Citizens Advice na taimakawa da shi ba ko kwabo.

Batun takardun zama kuwa, kwantar da hankalinka, amma ba har ka yi barci ba. Tarar fakin ta ƙaramar hukuma ba hukuncin aikata laifi ba ce, ba ta sa maki a lasin, ba ta shiga kundin masu laifi. Wanda ya biya ya wuce wurin. Sai dai idan aka zo neman zama ɗan ƙasa, Ma'aikatar Cikin Gida kan duba halin mutum, kuma ƙa'idarta ta nuna tara irin wannan ba ta cika hana mutum ba, sai in ya ƙi biya, ko ta taru da yawa cikin ɗan lokaci har ta nuna bai damu da doka ba. Ka ga shawarar abokinka ita ce ke mayar da ƙaramin abu ya zama abin tambaya. Adana rasit ɗin duk abin da ka biya. In fom ya tambaya, faɗi gaskiya, don ɓoyewa ta fi tarar illa nesa ba kusa ba. Kuma ka daina ba da aron mota ga wanda ba ka san tuƙinsa ba, domin a tarar hukuma mai suna a takardar mota ake bi, ba wanda ya ajiye ba.

Ka ce zalunci ne. A nan ban bi ka ba, ko da yake ban ce ƙananan hukumomin ba sa son kuɗin ba. Tsohuwar da kake shiga gidanta ka ɗaga ta ka ba ta magani, ka taɓa tura ta a keken guragu zuwa bakin titi? Dakalin nan shi ne titinta. In ya cushe da mota, sai an sauko da ita cikin motoci, a zagaya, a nemi inda dakalin ya yi ƙasa a sake hawa da ita. Makaho mai sanda da ya haddace hanyarsa sai ya ci karo da madubin motarka. Mai jego da keken jariri ma haka. Mu da aka karantar da mu tun muna allo cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta sadaka ne, ba mu ne za mu ce Bature ya ƙirƙiro mana wannan ba.

Ka ce a gida ba a yi mana haka. Ana yi, salon ne daban. Ni da ke zaune a Gusau ina gani. Ka bi bakin kasuwa da hantsi: mai shago ya fito da kayansa kan murfin kwata, mai shayi ya kafa benci a gabansa, Keke Napep ya tsaya ɗaukar fasinja a gaban bencin, mai mota ya yi layi na biyu ya kunna fitilar haɗari ya shiga ciniki. Yarinya 'yar makaranta da tsoho mai sanda su ne aka turo tsakiyar kwalta suna kauce wa 'yan kabu-kabu. Ranar Juma'a kuwa a kusa da masallaci, wanda ya zo a makare shi ke toshe wanda ya zo da wuri. Muna da hukumomi, ga ZAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, ga hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya da aka kafa tun 1988. Amma a garuruwanmu da yawa direba bai san inda aka hana da inda aka yarda ba sai an kama shi, don babu zane babu allo. Daga nan magana ta koma ta baki da baki a tsakiyar rana, ana roƙo, ana kiran wane a waya, ƙaramin direba ya biya, mai baƙin gilashi ya wuce.

In da za a tambaye ni abin da ya kamata mu ɗauko daga inda kake, ba yawan kuɗin tarar ba ne, don talakanmu ba zai iya ba. Tsarin takardar nan da ke ba ka haushi shi ne abin ɗauka. A fara nuna wa mutane inda za su ajiye mota kafin a hana su inda suke ajiyewa. Jami'i ya ɗauki hoto, ya rubuta lambar mota, kada kuɗi ya taɓa hannunsa, a biya a banki a karɓi rasit. A sassauta wa wanda ya biya da wuri. A samu wani wuri daban, wanda ba ofishin da ya kama ka ba, inda za ka kai kuka. Sace iskar taya da cire lambar mota ba sa gyara komai, motar ma daɗa zama take yi a inda ta tare.

Sai shagunanka. Tunda ka ambace su, bari in tambaya: wa ke tsaye a kan ginin, kuma ina aka ja harsashin gaba? Na san halin maginanmu da 'yan'uwa masu son a ce sun yi maka ƙoƙari. Za su kai bulo har bakin kwata don a samu ƙarin shago ɗaya, sannan ɗan haya ya zo ya ƙara rumfar kwano. Duk wanda zai sayi kaya a wurin ba shi da inda zai tsaya sai kan titi. Ka sa a ɗauko maka bidiyo daga tsallaken titi, ba daga cikin filotin ba, a nuna maka tazarar da ke tsakanin kwata da bangon gaba. Ka nemi ganin zanen ginin da hukumar tsara birni ta amince da shi, mai tambari, domin akwai tazarar da ake bari daga titi, kuma ginin da ya shiga cikinta shi ake fara shafa wa jan fenti ranar da aka tashi faɗaɗa hanya. In ba a zuba dakin ba tukuna, a ja baya a bar filin da motoci za su shiga su fita ba tare da sun hau kan masu wucewa ba, ko da shago ɗaya zai tafi. Ka kuma sa a rubuta a yarjejeniyar haya cewa filin gaba ba na baza kaya ba ne. Kuɗin wannan watan dai, ka gaya wa mutanen gida zai ɗan ragu, ka fara kashe tarar ukun.