Muryar da aka tura a zauren ɗalibai: tsinayen da suka haɗe a GC

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na saurari tambayarki kan man gyaɗan da kika saka a GC, na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfuri, tsinin oleic da na linoleic (sinadaran kitse biyu da ke cikin man) suka manne da juna a zanen sakamako, kuma kin ce zafin murhun yana hawa da digiri 20 a minti ɗaya. To ai matsalar tana nan.

Abubuwan nan biyu duk carbon 18 gare su, bambancinsu kaɗan ne. Kolum, wato siririn bututun da ke cikin murhun, yana raba su ne saboda kowanne yana ɗan tsayawa a jikin bangonsa, wani ya fi wani daɗewa, kafin iskar da ke bi ta ciki ta tafi da shi. Duk ƙarin digiri 30 ko makamancin haka yana rage wannan tsayawar da kusan rabi. Idan kika ɗaga zafi da gudu, kin kora su waje tare tun ba su rabu ba. Tsinayen za su fito da wuri, sirara, gwanin kyau, amma a cukuɗe.

Kada ki rage gudun hawan zafin tun daga farko, ɓata lokaci ne, tsinayen ƙarshe kuma su baje. Ki hau da sauri har kusa da inda suke fitowa, a nan ki sauko digiri 2 ko 3 a minti, in sun wuce ki sake ɗagawa. In kuma kolum ɗinki irin DB-5 ne, gaskiya ki nemi wanda aka shafa wa bangonsa sinadarin da ake kira wax, ya fi dacewa da wannan aikin.

Masu TGA (na'urar da ke auna nauyin samfuri yayin dumama shi) da DSC (mai auna zafin da samfuri ke sha ko fitarwa), ku ma ku ji. Kun san naman da aka gasa a wuta mai ƙarfi, waje ya ƙone ciki bai nuna ba? Haka samfuri yake, na'ura tana karanta wani zafi, cikinsa bai kai can ba. Ku gwada a TGA da copper sulfate, sinadarin da kowace ƙwayarsa ke riƙe da ƙwayoyin ruwa biyar. Ruwan yana fita biyu, biyu, sannan ɗaya, jimla kusan kashi 36 cikin ɗari na nauyinsa. A hankali za ku ga matakan farkon biyu daban, da gudu kuwa sai su haɗe, su kuma matsa zuwa zafi mafi yawa. A DSC saurin yana ƙara girman tsini amma yana haɗe su, shi ya sa aka saba da matsakaici, digiri 10 a minti.

Ƙanwata, ki sake gwadawa gobe ki turo mana hoton, tare da tsawon kolum ɗin da gudun iskar.