Shin masu zanen mafarki (salon da ake kira surrealism) sun taɓa samun rumfa a baje kolin duniya?

Sun samu mana, ɗan'uwa. A baje kolin New York na 1939, mai zane Salvador Dalí ɗan Sifaniya ya gina rumfa da ya sa wa suna Mafarkin Venus. Da ka shiga sai ka tarar da mata suna ninƙaya cikin tankin gilashi, ga fiyano mai siffar jikin mace. Ya so ya kafa hoton Venus (gunkiyar soyayya ta Romawa) mai kan kifi a ƙofa, masu shirya bikin suka hana, ya fusata har ya rubuta takardar ƙorafi.

Batun kiɗa kuwa, sai ka duba baje kolin Brussels na 1958, rumfar kamfanin Philips, inda sautin lantarki na mai tsara kiɗa Edgard Varèse ya riƙa fita daga ɗaruruwan lasifiku. Amma ni ban ɗauki wannan surrealism ba, gwajin na'ura ne.