Tana, matsattsaku da sauran abin da ake tattarawa a kira tsutsa

Wani malamin firamare daga Zariya ya tambaya ko daidai ne a kira tana da sunan tsutsa, kamar yadda yake ji a rediyo.

Ba daidai ba ne, kuma wannan sakaci ya daɗe yana damuna. Bahaushe ya ba kowace halitta sunanta: tana daban, matsattsaku daban, tsila daban, kurkunu daban, amma yanzu masu fassara sun tattara su duka a ƙarƙashin kalma ɗaya don gudun wahalar tunani. Tana, wadda wasalinta na farko dogo ne, ba kamar na "tana zuwa" ba, ita ce wadda masunta ke tonowa su sa a ƙugiya. Duk wanda ya ɗora ta a tafin hannu zai ga jikinta zobe-zobe ne a jere, kuma wannan siffa ce masana halittu suka duba suka haɗa ta dangi ɗaya da matsattsaku da wasu halittun teku, suka kira dangin Annelida, daga kalmar Latin mai nufin ƙaramin zobe. Ba ta da huhu, ta fata take numfashi, shi ya sa take fitowa da damina, ta nutse cikin ƙasa da rani, domin idan fatarta ta bushe ta mutu. Kowace tana tana ɗauke da sassan namiji da na mace, ko da yake galibi sai biyu sun haɗu ake samun ƙwai. Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya wallafa littafi sukutum a kanta a 1881, yana nuna yadda take huda ƙasa tana mayar da ruɓaɓɓen ganye taki. Halittar da ke yi wa manomi wannan hidima ba ta cancanci a haɗa ta suna ɗaya da abin da ke fitowa daga mushe ba.

Wata daga Maradi ta tambaya ko gaskiya ne idan aka yanka tana biyu, kowane ɓari zai rayu. Ɓarin kai yakan rayu ya sake wutsiya, ɓarin wutsiya kuwa galibi mutuwa yake yi.

Wani ɗalibi ya nemi ma'anar "tsutsar nama, nama ce". Ana nufin abin da ya fito daga jikin abu ana lissafa shi tare da abin, ko da bai kai shi daraja ba. Tsutsar da ke cikin karin maganar ɗiyar ƙuda ce, wadda za ta rikiɗa ta yi fiffike, saboda haka dangin ƙwari ce, ba ruwanta da tana.

An kuma tambaye ni dalilin kwatanta mai naci da matsattsaku. Makiyayi ya fi kowa sanin amsar, domin ya ga yadda matsattsaku yake maƙalewa a bakin saniya ko maƙogwaronta idan ta sha ruwan tafki. Yana da abin tsotso a gaba da baya, kuma yawunsa na ɗauke da sinadarin hirudin da ke hana jini daskarewa, don haka ba ya saki sai ya ƙoshi, wurin kuma ya ci gaba da zubar jini bayan ya faɗi. Har yau likitocin tiyata na amfani da shi wajen janye jinin da ya taru a yatsan da aka dasa, aikin da ya yi kama da na ƙahon wanzami.

Ga mai tambaya kan tsila da kurkunu: gaɓoɓin tsila ba irin zoben tana ba ne, dangi ne daban. Kurkunu shi ma daban yake, ta ruwan sha yake shiga, ya ɓullo bayan kimanin shekara guda, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da shi daga Nijeriya da Nijar.