Na koma Kanada a watan Satumba: dole ne in cike takardar haraji, kuma ya zan yi da hayar gidana na Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na iso Calgary da iyalina da 'ya'ya biyu ranar 1 ga Satumba, 2025, da takardar zama ta dindindin. Kafin nan ina aikin albashi a Kano har ƙarshen Agusta. Na samu aiki a wani rumbun ajiyar kaya a watan Nuwamba, kuma ana cire haraji a albashina. Ina da gida a Kano da na ba da haya, ƙanena ne yake karɓar kuɗin yana miƙa wa mahaifiyarmu. Wasu abokai sun ce tunda ban cika shekara ba, ba sai na cike komai ba, kuma kuɗin Najeriya bai shafi Kanada ba. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa an shiga a sa'a. Abokanka sun yi kuskure a maganar farko, a ta biyu kuma rabin gaskiya suka faɗa maka. Abin da zai warware maka komai shi ne ranar da ka zama mazauni a idon hukumar tattara haraji ta Kanada, wadda ake kira CRA. Hukumar ba ta jiran mutum ya cika shekara. Abin da take dubawa shi ne ko ya kafa zama, wato yana da muhalli a ƙasar, kuma iyalinsa da 'ya'yansa suna tare da shi. Kai ka sauka da su duka a rana ɗaya, saboda haka 1 ga Satumba ce ranarka, ita za ka rubuta a shafin farko na takardar, kuma ita ce ta raba shekararka gida biyu.

Albashin da ka karɓa a Kano daga Janairu zuwa Agusta, Kanada ba za ta ɗora masa haraji ba, haka nan kuɗin ajiyar da ka taho da shi. Amma daga 1 ga Satumba, duk abin da ya shigo maka daga ko'ina a duniya ya shiga lissafi, ko da bai taɓa barin bankin Najeriya ba.

A nan hayar gidan ta shigo, kuma a nan ne 'yan'uwanmu da yawa suke tuntuɓe ba da mugun nufi ba. A tunaninmu, kuɗin da bai shigo hannunka ba, ya tafi kai tsaye wajen Hajiya, ba naka ba ne. Doka kuwa mai gidan take kallo. Idan takardun gidan da sunanka suke, hayar kuɗin shigarka ce, miƙa ta ga mahaifiya kuma kyauta ce da ka yi bayan ta zama taka, ba a rage haraji saboda ita. Idan gidan gado ne da ba a raba ba, kasonka kaɗai za ka bayyana. Tunda a Kano an saba biyan haya ta shekara gaba ɗaya, ka ware rabon watanni huɗun nan, Satumba zuwa Disamba, ka cire abin da aka kashe a kansu wajen gyara da ladan dillali da makamantansu, sannan ka mayar da ragowar zuwa dalar Kanada da farashin canji na hukuma, ba na 'yan canjin Wapa ba. Fom T776 ake amfani da shi wajen wannan lissafi. Ka roƙi ƙanenka tun yanzu ya riƙa karɓar rasit daga mai gyaran famfo da mai fenti yana ɗaukar hotonsa ya turo maka, domin CRA tana iya neman shaida, kuma ana so a adana takardu har shekara shida. Idan ka biya haraji a Najeriya a kan hayar, ba za a karɓa sau biyu ba: akwai yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashen biyu, kuma da fom T2209 za ka nemi a cire maka abin da ka riga ka biya daga harajin Kanada na wannan kuɗin.

Ko da ba ka da gida ko kaɗan, zan ce ka cike takardar, domin sabon zuwa mai ƙaramin albashi yawanci shi yake bin gwamnati. Wurin aikinka yana cire haraji a kowane biya tamkar za ka yi shekara cur kana karɓar wannan albashi, alhali wata biyu kawai ka yi, don haka mai yiwuwa ne an cire fiye da kima, kuma ba za a dawo maka da rarar ba sai ka cike. Sai dai kada ka sa rai da cikakken rangwamen da kowane mazauni yake samu. A 2025, dala 16,129 ta farko ba ta ɗaukar harajin tarayya, amma sabon zuwa ana ba shi ne gwargwadon kwanakin zamansa. Kwana 122 ne daga 1 ga Satumba zuwa ƙarshen Disamba, saboda haka naka zai kama kusan dala 5,390. Wanda bai samu kuɗin shiga ba kafin zuwansa, ko kuma kashi 90 cikin ɗari na abin da ya samu a lokacin daga Kanada ya fito, yana iya samun cikakke. Albashinka na Kano ya fitar da kai daga cikinsu. Wannan ne ya sa za a tambaye ka adadin albashin duk da ba za a taɓa shi ba, kuma ka faɗi gaskiyarsa.

Abin da ya fi rarar nauyi shi ne tallafin yara da ake biya duk wata, da kuma tallafin da ake biya sau huɗu a shekara, wanda a 2025 ake kira rangwamen harajin sayayya na GST. Mai takardar zama ta dindindin yana iya neman tallafin yara da fom RC66 tun daga isowarsa, ba sai ya jira lokacin haraji ba, idan ba ku nema ba tukuna ku gaggauta. Shekarar tallafin tana farawa ne a Yuli, kuma da takardun harajin shekarar da ta gabata ake lissafa ta. Don haka wajibi ne uwargida ita ma ta cike tata daban, ko da ba ta samu ko sisi ba, domin a Kanada kowa da takardarsa, kuma idan ɗayanku bai cike ba, kuɗin yaran zai tsaya.

Wa'adin miƙa takardar harajin 2025 shi ne 30 ga Afrilu, 2026. Wurin aikinka zai ba ka takardar T4 zuwa ƙarshen Fabrairu, mai nuna albashi da abin da aka cire. Idan ana binka kuɗi kuma ka makara, tarar kashi 5 cikin ɗari ce na bashin, da ƙarin kashi 1 a kowane cikakken wata har zuwa wata 12, ban da kuɗin ruwa. Akwai manhajojin kyauta da CRA ta amince da su, akwai kuma 'yan sa-kai da ke cike wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta a cibiyoyin al'umma, amma su sauƙaƙan takardu suke karɓa, kuma kuɗin haya yakan fitar da mutum daga tsarinsu. A ganina, a wannan shekara ta farko ka biya akanta wanda ya saba da sababbin zuwa, ka zauna kusa da shi ka ga yadda yake yi. Idan kuma wani ya buga maka waya yana cewa daga CRA yake, yana barazanar kora daga ƙasa sai ka biya da katin kyauta ko kuɗin kirifto, ɗan damfara ne, ka kashe wayar.

Saura abu ɗaya da ya kamata ka yi tun kafin lokacin haraji, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Dokar Kanada tana ɗaukar cewa ka sayi gidanka na Kano ne a ranar da ka zama mazauni, a kan darajarsa ta kasuwa a wannan rana, don haka idan ka sayar nan gaba, ribar da ta hau bayan 1 ga Satumba, 2025 ce kaɗai za ta shiga haraji. Ka sa ƙwararren mai kimanta gidaje mai rajista ya rubuta maka rahoton darajar gidan a wannan rana, da sa hannu da hatimi, domin bayan shekara goma zai yi wuya ka tabbatar da ita. Wannan adadi zai kuma nuna maka ko fom T1135 ya hau kanka, wanda ake bayyana kadarorin waje da shi idan jimillarsu ta haura dala 100,000. Shekarar farko an ɗauke maka shi, amma daga takardar 2026 zai fara aiki, kuma tarar makara dala 25 ce a kowace rana har zuwa dala 2,500.