Amsa kan kallon tsuntsaye da namun daji a lokacin bazara

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka ce tun da sanyi ya fara janyewa kake zuwa lambun shaƙatawa da ke kusa da gidanka, amma ba ka ganin komai sai tantabaru da hankaki, shi ya sa kake tambaya ko sai ka sayi tabarau mai hangen nesa mai tsada, ko kuwa ka nufi babban gandun daji, kafin ka ga abin kirki. Na daɗe ina wannan sha'ani, kuma a ganina lambun nan naka ya ishe ka farawa. Abin da za ka gyara shi ne lokacin fitarka da yadda kake amfani da kunnenka.

A ƙasashen arewacin duniya da ake hunturu mai tsanani, daga watan Maris zuwa Mayu ne tsuntsaye ke shirin hayayyafa, kuma ƙaruwar tsawon yini ce ke motsa jikinsu. Mazan ne suka fi yin kuka, domin su sanar da sauran maza cewa wannan yankin yana da mai shi, su kuma jawo hankalin mata. Kukan yana farawa tun kusan sa'a guda kafin fitowar rana, ya ci gaba da ƙarfinsa har hantsi, sannan ya lafa. Wanda ya je lambu da tsakar rana, lokacin da mutane suka cika shi, ya tarar da kasuwa ta riga ta watse. Haka kuma makonnin da itatuwa ba su gama fitar da ganye ba sun fi kowane lokaci sauƙi, domin da zarar ganye ya rufe rassa, za ka riƙa jin tsuntsu a saman kanka ba tare da ka gan shi ba.

Shi ya sa nake fifita kunne. Mafi yawan tsuntsayen da nake ganowa, jin su nake fara yi, sannan ido ya bi sautin. Ka fara da muryoyin tsuntsaye huɗu ko biyar da ke zaune a lambun duk shekara, ka riƙe su sosai, har ya zama duk wata baƙuwar murya tana tsayar da kai nan take. Manhajar Merlin, wadda sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell a Amurka ya samar, tana sauraron kuka ta faɗi sunan tsuntsun, kuma tana da amfani ƙwarai ga mai koyo, sai dai takan yi kuskure, don haka kada ka rubuta tsuntsu a littafinka sai ka tabbatar da idonka. Ina roƙonka kada ka kunna kukan tsuntsu daga waya don ya matso kusa, domin namijin zai ɗauka abokin hamayya ne ya shigo masa, ya bar ciyar da 'ya'yansa ya ɓata ƙarfinsa a kan faɗan da babu shi.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a wannan lokaci shi ne isowar baƙi. Tsattsewar da ke shawagi a kan tafkin wani lambu a Turai cikin Afrilu, watanni kaɗan da suka wuce tana kudu da Sahara, ta ƙetare hamada da Bahar Rum da fukafukanta. Akwai wani ɗan tsuntsu mai cin ƙwari da nauyinsa bai wuce giram 10 ba, shi ma yana yin wannan tafiya sau biyu a shekara. Akwai kuma baƙar tsattsewa mai fukafukai kamar lauje, wadda ke isowa a farkon Mayu, kuma binciken da masana na Jami'ar Lund a Suwidin suka wallafa a 2016 ya nuna tana iya yin kusan wata 10 a sararin sama ba ta sauka ba. Galibin ƙananan tsuntsaye masu ƙaura da dare suke tafiya, da asuba kuma su sauka a duk inda suka samu itatuwa da ruwa don su ci abinci su huta, ko da kuwa ƙaramin lambu ne a tsakiyar birni. Safiyar da ta biyo bayan ruwan sama ko hazo ita ce ta fi kawo su, saboda yanayin yana tilasta musu sauka.

Saboda haka nake ba da shawarar mutum ya riƙe wuri guda yana komawa, maimakon yawo daga nan zuwa can. Wanda ya san lambunsa shi ne zai lura cewa yau an samu baƙo. Ka nemi inda itatuwa suka haɗu da fili, ko bakin ruwa, ka zauna rana tana bayanka, ka rage motsi na kamar minti 20. Tsuntsayen da suka ɓuya lokacin da ka iso za su dawo harkarsu, har ka ga maƙwaƙƙwafi yana dukan busasshen reshe, ko zalɓe yana tsaye a ruwa yana jiran kifi.

Game da tabarau, mai lamba 8x42 ya wadatar: yana kusanto da abu sau 8, faɗin gilashinsa kuma milimita 42 ne, wanda ke ba da isasshen haske da asuba.

Sauran halittu sun fi fitowa da magariba. Kwaɗi suna zuba ƙwai a kududdufai tun farkon bazara, bayan 'yan makonni ruwan ya cika da 'ya'yan kwaɗi. Bushiya da jemage suna farkawa daga dogon barcin hunturu da yunwa, kuma idan ka tsaya a bakin tafki bayan faɗuwar rana za ka ga jemagu suna kamun ƙwari a saman ruwa. Yanyawa ma takan ratsa lambunan birni idan ƙafa ta ɗauke.

Akwai abu guda da nake so ka ɗauka da muhimmanci, domin masu kyakkyawar niyya ne suka fi yin ɓarna a kansa. Idan ka ga ɗan tsuntsu mai cikakken gashi yana tsalle a ƙasa, ba maraya ba ne. Ya bar sheƙa ne, iyayensa kuma suna kusa suna ciyar da shi. Haka ɗan barewa da ke kwance shiru cikin ciyawa, uwarsa ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo, kuma za ta dawo. Ka bar su inda suke. Idan ka gano sheƙa, kada ka daɗe a kusa da ita, domin ƙwai suna hucewa idan uwar ta gudu, hankaki kuma suna lura da inda mutum ya tsaya yana leƙe.

Gandun daji kuwa yana da nasa amfani, musamman mai fadama, inda ake gina ɗakunan leƙe da ke ba mutum damar kallon agwagin ruwa ba tare da ya firgita su ba, kuma zuwan zai fi yi maka armashi cikin Mayu, bayan kunnenka ya fara sabawa. Idan ka je, ka bi hanyoyin da aka ware, saboda wasu tsuntsayen a ƙasa suke sheƙa, ka sa dogon wando, sannan ka duba jikinka bayan ka dawo, domin kaska tana yawaita a doguwar ciyawa a wannan lokaci, kuma wasu daga cikinta suna ɗauke da cutar Lyme.