Tambaya da Amsa: Ɗana Yana Rubuta F a Gurbin P

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aji shida na firamare, kuma ba ya wasa da karatu, a lissafi ma shi ke zuwa na ɗaya. Amma Turanci ya zame masa ƙarfen ƙafa. In zai rubuta "people" sai ya rubuta "feofle", "pencil" kuma ta koma "fencil". Malaminsu kan zagaye kalmar da jan biro ya ce ya rubuta ta sau hamsin, wani lokaci har da bulala. Ya rubuta ɗin, bayan kwana biyu a koma gidan jiya. Taurin kai ne, ko kuwa ƙwaƙwalwarsa ce? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ƙwaƙwalwar yaronki lafiya lau take. Na daɗe ina koyar da Turanci, kuma ban taɓa riƙe ajin da babu masu wannan kuskure ba. Abin da kunnensa ya jiye masa shi yake rubutawa.

Harshenmu bai raba P da F ba. A haruffan boko na Hausa babu P, a Larabci ma da yawancinmu muka fara karatu da shi babu. Shi ya sa duk kalmar da muka aro mai P sai mun sauya mata kama: fensir, fenti, fasinja, famfo, fasfo, farfesa, har ita kanta firamare ɗin. Wani wurin B muka sa, kamar asibiti da kwabo. Sannan F ɗinmu ta Kano da leɓɓa biyu muke furta ta, tana tsakanin P da F na Bature. Ki furta "tsaf" ko "kaf" ki ji yadda ƙarshensu yake kusa da P. Mutanen Sakkwato kuwa "tahi" suke cewa inda muke cewa "tafi". To yaron da ya tashi yana cewa fensir tun yana ɗan shekara uku, ina laifinsa in ya rubuta "fencil"?

Abin da ke ɓata mini rai shi ne rubutun nan sau hamsin. Hannu ne kawai ke aiki, kunne yana nan yadda yake. In kuwa aka haɗa da bulala, sai tsoro ya haifi wani kuskuren. Na taɓa samun ɗalibi da aka matsa wa har ya ɗauka duk F laifi ce, ya rubuto mini "My pather is a parmer". Da na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce gudun duka yake yi. Wannan amsa ta daɗe tana damuna, daga ranar na sake salon gyarana.

Ga yadda nake yi, ke ma za ki iya a gida. Ki ɗauko madubi ki zauna kusa da shi. A F ta Turanci haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta riƙa fita a hankali, ana iya jan ta: fff. A P kuwa leɓɓa ne ke rufewa gam, sannan su buɗe lokaci guda, ba ta jawuwa. Ya dubi bakinsa a madubi: in ya ga haƙoransa, F ce. Sai ki yago 'yar takarda ya riƙe ta daf da bakinsa ya ce "pan". Zai ga ta yi tsalle. Ya ce "fan", sai dai ta ɗan karkata. Yara na son wannan ƙwarai, aji kan kaure da dariya, kuma ba sa mantawa.

Bayan nan sai shifta, amma da kalmomi tagwaye: "pull" da "full", "pin" da "fin", "past" da "fast", "copy" da "coffee", "leap" da "leaf". Ki faɗi ɗaya yana kallon bakinki, ya rubuta. In ya saba, ki juya masa baya ya dogara da kunne kaɗai. Minti goma kullum bayan Magariba ya fi awa biyu ranar Asabar. In kina shakkar naki furucin, ƙamus na waya yana furta kalma, ku saurara tare.

Akwai tarko ɗaya da za ki jinkirta: "phone", "photo", "pharmacy". Ana rubuta su da PH amma F ake furtawa, don daga harshen Girkanci suka shigo Turanci. Kada ki kawo su sai ƙafarsa ta tsaya, sannan ya haddace su a matsayin dangi guda.

Kada a yi sakaci da abin. A jarrabawar WAEC, cikin maki 50 na insha'i an ware 10 don daidaiton rubutu, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Yaronki yana da shekara shida kafin ya kai can, lokaci ya isa har ya yi saura.

Game da malaminsa, ki same shi cikin mutunci, ba a gaban yara ba. Wataƙila shi ma da bulalar aka koya masa. Ki gode masa a kan kulawarsa, ki nuna masa dabarar takardar, ki roƙe shi ya gwada ta da ajin gaba ɗaya, don na tabbata ba ɗanki kaɗai ke fama ba. Bayan wata guda ki rubuto mini yadda kuka ƙare. Allah Ya yi masa albarka.