Rimot ya ƙi buɗe mota, ya zan yi?

Tambaya: Salam Malam, jiya na fito daga kasuwa da yara na danna rimot ɗin motata har na gaji ta ƙi buɗewa, muna tsaye cikin rana, sai da maigidana ya kawo ɗaya makullin, wallahi ban ma ga ramin makulli a ƙofar ba. Daga wata Hajiya a Kano.

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya, sannu da wahala. Yawancin rimot ɗin nan akwai ɗan siririn makulli na ƙarfe a cikinsa, ki duba gefe ko baya akwai ɗan maɓalli, ki danna ki zaro shi. Ramin kuma yana ƙofar direba, wasu motocin an rufe shi da murfin roba a jikin mariƙin ƙofar, da bakin makullin ake ɓalle shi a hankali.

In kin shiga ki kara rimot ɗin a jikin maɓallin tayar da mota ki taka birki ki danna, galibi za ta tashi. Galibi batirin rimot ɗin ne ya mutu, ɗan ƙarami ne kamar kwabo, yawanci CR2032, masu gyaran agogo ma suna sayarwa. In kuwa ko fitilar ciki ba ta kawo ba to batirin motar ne ya mutu, ki kira mai rewaya. Don Allah ki gwada makullin nan yau a gida, ramin da ba a amfani da shi ƙura tana sa ya cije.